Kafin ka tafi Ƙofar Ruwa sayen giya: Abin da ke rikita atomatik a motocin da aka yi wa ƙari a ƙasar Gumel

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, titin da ya tashi daga Gumel zuwa bakin iyaka cike yake da tireloli na shanu da a-kori-kura masu awaki da ƙananan motoci. Duk direban da ya fita zai wuce tirela a irin wannan rana ya san daƙiƙu kaɗan ne tsakaninsa da motar da ke tahowa. Yana danna totur har ƙasa, abin da yake jira shi ne giya ta sauko mataki ɗaya ko biyu, mota ta zabura. Idan kuwa inji ya yi ta kururuwa amma gudu bai ƙaru ba, ko giyar ta yi jinkiri sannan ta shiga da bugu, to maganar ta wuce ta kuɗin gyara, ta zama ta rai.

Wannan koke ya fi yawa a bakin masu motocin da aka yi wa ƙari. A Ɗanzomo da ke ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, da Gagarawa da sauran garuruwan masarautar Gumel, ƙarin iri biyu ne. Akwai na larura: a ɗaga ƙafar mota, a sa mata tayoyi masu tsawo, saboda da zarar ka sauka daga kwalta rairayi ne zai tarbe ka. Akwai kuma na ƙwalisa da neman gudu, wanda samari suka fi yi: manyan rim, salansa mai ƙara, matatar iska ta buɗe, lasifikoki a but, wani lokaci har da sauya inji gaba ɗaya.

Da giya ta fara rikici, hukuncin da aka fi yankewa a gareji shi ne ta mutu, sai a tafi Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, a ɗauko ta Beljiyam. Kuɗin da ake kashewa ya isa sayen maraƙi mai kyau. Abin takaicin shi ne sau da yawa ana ɗora sabuwar, bayan mako biyu ta kama yin abin da tsohuwar ke yi, domin ciwon yana jikin abin da aka canza a kewayen giyar, ita kuwa umarni kawai take bi.

Giya ba ta ganin hanya

Giyar atomatik ba baƙuwar aba ba ce. Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara sayar da ita da yawa a motocin Oldsmobile na 1940. Amma wadda ke cikin Camry ko Accord ko Corolla da muke hawa yau kwamfuta ce ke juya ta, wato ƙwaƙwalwar mota. Ƙwaƙwalwar ba ta ganin titi. Tana dogara ne da saƙonnin da sensoci ke aiko mata: yawan totur da direba ya taka, gudun mota, juyin inji, yawan iskar da inji ke shaƙa, zafin ruwan lagireto da zafin man giya.

Daga waɗannan saƙonni take yanke abu biyu: yaushe za a canza giya, kuma da wane ƙarfin matsin mai za a damƙe faiba, wato faya-fayan kulocin da ke ciki. Umarnin yana tafiya ta waya zuwa ƙananan makullan mai masu aiki da lantarki da ake kira solenoyid, su kuma su buɗe wa mai hanya. Tsakanin inji da giya akwai wani tulun ƙarfe cike da mai, kwanbata, wanda ke tsaye a madadin kulocin ƙafa. Idan mota ta miƙe a kan titi, kwanbata na kulle kanta domin inji da giya su juya tare, zafi ya ragu, shan mai ya ragu.

Duk lissafin nan an yi shi ne a kan motar da ta fito daga kamfani, da injinta da tayarta da lagiretonta. Kowane ƙari da aka yi ya taɓa ɗaya daga cikin lambobin lissafin. Saboda haka tambayar farko da bakanike nagari zai yi wa mai mota ita ce: me aka taɓa a motar nan kafin rikicin ya fara?

Taya ce ta fi yawan laifi

Mu ɗauki Camry ta 2002 zuwa 2006 mai silinda huɗu, wadda ake kira Big Daddy. Tayar da yawancinsu suka zo da ita ita ce 205/65R15, tsawonta daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 648. Mai son ya tsere wa rairayi sai ya sa 215/70R16, wadda tsawonta ya kai milimita 707. Bambancin ya haura kashi 9 cikin ɗari. Ma'ana, lokacin da maleji ke nuna 100, motar tana gudun 109. Ma'ana ta biyu, wadda ta fi shafar giya, kowane mataki ya zama ya fi nauyi, kamar mai keke ne ya tashi da babbar giya a hawan tudu.

Sakamakon shi ne mota ta yi nauyin tashi, direba ya ƙara taka totur, ƙwaƙwalwa ta ɗauka ana hawan dutse ne, sai ta riƙe giya ta ƙasa. A kan titi kuma, musamman idan an cika but da buhunan gero ko riɗi, za ka ji tana shiga ta ƙarshe tana fita, tana shiga tana fita. Wannan kai-komon kanikawa da yawa na ɗaukarsa alamar faiba ta ƙare. A farko faibar lafiyarta lau. Kai-komon ne zai cinye ta idan aka bar shi wata da watanni.

Wani abu da zai ba samari mamaki: babban rim shi kaɗai ba lallai ya jawo matsala ba. Rim 18 da taya 225/45 tsawonsu kusan milimita 660 ne, bambancin bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Abin dubawa shi ne tsawon taya gaba ɗaya. Amma fa siririyar taya irin wannan ba ta hanyar ƙauye ba ce, rami ɗaya ya ishi rim ɗin.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Ka buɗe manhajar taswira a waya, wani ya riƙe maka, ka kwatanta gudun da take nunawa da na maleji. Sai dai a lura, motocin da aka shigo da su daga Amurka manyan lambobin malejinsu mil ne, kilomita na cikin ƙananan. Idan bambancin ya yi yawa, ka ari tayoyin asali ka yi tafiyar kilomita ashirin da su. In rikicin ya lafa, ka gano ɓarawonka. Wanda kuma ba zai iya rabuwa da doguwar taya ba saboda hanyar garinsu, to idan ya yi lodi ya kashe giyar ƙarshe da maɓallin O/D, ko ya ja sandar zuwa 3 ko D3, ya hana ta kai-komo.

Tamostat da lagireto

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejojin Arewa: da mota ta sauka daga Turai ko Amurka, sai a cire mata tamostat, a haɗa fanka kai-tsaye ta dinga juyawa tun daga tayar da inji, wai ƙasarmu da zafi. Tamostat ɗan makulli ne da ke tsare ruwa a cikin inji har ya yi ɗumi. A ganina wannan na cikin gyare-gyaren da suka fi cutar da mota ba tare da mai ita ya sani ba.

Abin da ya haɗa shi da giya shi ne, ƙwaƙwalwar mota ba ta yarda a shiga giyar ƙarshe ko a kulle kwanbata sai ruwan inji ya kai wani zafi. A Toyota da yawa wajen digiri 60 ne. Da sanyin safiyar hunturu, a watan Disamba ko Janairu, motar da ba ta da tamostat na iya barin Ɗanzomo ta yi tafiya mai nisa iska na kaɗa lagireto, ruwan bai kai wannan zafin ba. Mai ita sai ya ce giyarsa ta ƙi shiga ta huɗu. Da rana ta take kuma sai ta shiga. Duk giyar da ke ƙin aiki da safe ta dawo daidai da hantsi, a fara duba allurar zafi da tamostat da sensan ruwa kafin a kwance ko ƙusa ɗaya.

Ɗaya gefen kuma zafi ne. Man giya ya fi son ya yi aiki tsakanin digiri 80 zuwa 95. Da ya haura 120 yake fara ƙonewa, robobin ciki su taurare, faiba ta yi santsi. A watan Afrilu da Mayu iskar ƙasar Gumel kanta tana wuce digiri 40. Ka haɗa da rairayi, inda mota ke tafiya a hankali inji na nishi, kwanbata ba ta kulle ba tana ta kaɗa mai. Babu abin da ke dafa man giya kamar wannan.

Abin da ke sanyaya man shi ne wani ɗan bututu da ke cikin tankin lagireto, tiyo biyu na kai mai suna dawo da shi. To idan an canza lagireto, an sa babba mai layi biyu don inji ya huta, wani lokaci na motar manuwal ake samu, wanda ba shi da wannan bututun. Sai bakanike ya haɗe tiyo biyun da juna, mota ta tashi lafiya, kowa ya watse. Daga ranar giyar ba ta da abin sanyaya ta. Alamarta ita ce da safe tana canji sumul, bayan tafiyar awa ɗaya ta fara sulɓewa, in an tsaya an huta ta dawo. Ka buɗe bonet ka bi tiyo biyun da ido ka ga inda suka ƙare.

Duk wanda ya ƙara wa inji ƙarfi, ko yake shiga rairayi kullum, ƙaramar kula ta daban a gaban lagireto ita ce ƙarin da ya kamata ya fara yi, tun kafin rim da salansa. An fi so man ya bi ta lagireto tukuna, sannan ya shiga kular, ya koma giya.

Idan mota ta kafe, mafi munin abin da direba zai yi shi ne ya dinga buga D da R yana taka totur, taya na tono. Minti kaɗan na wannan ya isa ya ƙona faiba. A sauka, a haƙe gaban tayoyin, a rage musu iska kaɗan, a shimfiɗa kara ko tabarma, a nemi masu turi.

Ba kowane jan mai ne man giya ba

A shagunan gefen titi, in ka ce a ba ka man giya na atomatik, jarka ɗaya za a miƙo maka ko wace mota ka zo da ita, yawanci mai rubutun Dexron III. Alhali kowane kamfani da irin nasa. Camry ta 2002 zuwa 2006 T-IV take sha, daga 2007 kuma WS. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake kira EOD da DC, da ATF-Z1 ta zo, daga baya kamfanin ya maye gurbinsa da DW-1. Peugeot 406 da 307 masu silinda huɗu, masu giyar AL4, nasu LT 71141 ne. Bambancin yana cikin santsin man da kaurinsa, kuma da wannan santsin ƙwaƙwalwa ta yi lissafin damƙar faiba. Man da bai dace ba shi ke kawo bugu lokacin canji, ko wata karkarwa kamar ana tafiya a kan burji alhali kwalta ce, daidai lokacin da kwanbata ke son kullewa.

Sababbin motoci sun ƙara rikita lamarin. Yawancin Corolla na Amurka daga 2014 da Accord mai silinda huɗu daga 2013 giyarsu CVT ce, mai bel na ƙarfe, wadda ba ta da matakai irin na da. Manta daban ne kwata-kwata. A zuba mata na atomatik na gama-gari, an kama hanyar kashe ta.

Ko auna man ma da ƙa'idarsa. Toyota mai sandar awo ana duba ta inji na aiki, ya yi zafi, giya na P, mota a kan daidaitacciyar ƙasa. Honda ta wancan zamani kuwa sai an kashe inji, a duba cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wanda ya auna Honda da ƙa'idar Toyota zai samu ƙarya. Camry V6 ta 2007 mai giya shida ba ta da sandar ma, ta ƙasa ake aunawa man na wajen digiri 40. Ƙarancin mai na sa giya jinkirin kamawa da sulɓewa a kwana. Yawansa kuma na sa ya yi kumfa, matsi ya faɗi.

Ka ɗiga man a farar takarda. Ja mai haske ko ruwan ƙasa-ƙasa mara wari, da sauran rai. Baƙi mai ƙauri, faiba ta riga ta ƙone. Idan ya koma kamar shayi mai madara, bututun cikin lagireto ya fashe ruwa ya shiga, kada a ƙara tayar da motar. Kuma a sani, buɗe ƙusar ƙasa ba ya fitar da ko rabin man da ke ciki, sauran na kwanbata. Wanda aka zuba wa mai mara kyau sai ya juye ya cika, ya yi 'yan kwanaki yana hawa, ya sake, kamar sau uku.

Idan an sauya inji ko giya

Nan ne matsalar ta fi zurfi. Motocin da ke yawo a wannan yanki ba daga wuri ɗaya suka fito ba. Shekaru da yawa ana sauke motoci a Kwatano, su bi ta Nijar su shigo ta iyakokin Arewa, kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da mota ta kan tudu daga 1 ga Janairun 2017. Wasu na Amurka ne, wasu na Turai, wasu na ƙasashen Larabawa. Kayan gyaran Beljiyam ma haka suke a gauraye. Giya biyu na iya kama da juna a ido, su hau inji ɗaya, amma lissafin haƙoransu ya bambanta.

Big Daddy kanta misali ce. Masu silinda huɗu na 2002 zuwa 2004 giya huɗu gare su, U241E. Na 2005 da 2006 giya biyar, U250E. Masu V6 kuma nasu daban. A Toyota irin waɗannan, akwati ɗaya ne ke kula da inji da giya. Idan aka ɗora giya biyar a motar da ƙwaƙwalwarta huɗu ta sani, ko aka ɗora V6 aka bar tsohuwar waya ana yanke-yanke ana ɗaurawa, to ƙwaƙwalwa za ta aika umarni inda babu mai karɓa. Wannan ya sa masu sayar da giya ke ƙirga ƙafafun soket kafin su miƙa maka. Ƙa'idar ita ce inji da giya da ƙwaƙwalwa da waya su fito daga gida ɗaya. Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 akwai masu yin akasin haka, suna sauke V6 su ɗora mai silinda huɗu don rage shan mai. Su ma ƙa'idar ba ta canza musu ba.

Sai masu neman ƙarfi ta hanyar sake rubuta manhajar ƙwaƙwalwa ko ɗora turbo. Injin 2.4 na Camry ƙarfin murɗawarsa wajen 220 ne a ma'aunin Nm, V6 mai 3.0 kuwa ya doshi 300. Shi ya sa kamfanin bai haɗa su da giya iri ɗaya ba. Faiba na da iyakar abin da za ta iya damƙewa. Idan aka ƙara wa inji ƙarfi ba a ƙara matsin mai ba, alamar farko ita ce allurar juyin inji ta yi tsalle sama tsakanin giya ta biyu da ta uku kafin ta kama. Wanda ya ga haka ya ɗaga ƙafa, ya koma wurin wanda ya yi masa aikin, a gyara lissafin giyar ko a mayar da injin yadda yake.

Wasan mota da ake yi a rakiyar amarya shi ma yana da nasa rabon. A taka totur giya na N, sannan a fizgo ta D don taya ta yi ƙara: wannan bugu kai-tsaye yake sauka a kan faibar farko. Motar da ke ja da gaba kuma, idan taya ɗaya ce ke juyawa tana hayaƙi, ƙananan haƙoran da ke raba juyi tsakanin tayoyin biyu ne ke cin wuya, kuma a cikin akwatin giyar suke.

Ƙananan abubuwan da ake rainawa

Matatar iska ta buɗe, mai kamar mazurari, a ƙasar da ƙurar hunturu ke rufe rana, hanya ce ta ɓata sensan iska. Irin wadda ake shafa wa mai ta fi ɓarna. Sensan da ya yi datti yakan ce iska kaɗan ce ke shiga, ƙwaƙwalwa ta ɗauka inji ba ya aiki sosai, canjin giya ya rikice. Wankewa da feshin da aka yi dominsa da mayar da akwatin iska na asali kan raba gardama.

Lantarki ma haka. Amfilifaya da jerin fitilu a kan tsohon batir da altaneta mai rauni na sa wuta ta faɗi, solenoyid kuwa da wuta suke aiki. Wayar as da aka manta ba a ɗaure ba bayan sauke inji, ko aka ɗaure a kan fenti, ta isa ta sa giya hauka. Inji na aiki, mita ya nuna tsakanin 13.5 zuwa 14.5 a kan batir. Har ɗan makunnin fitilar birki na da hannu: idan ya maƙale, ƙwaƙwalwa na ɗauka ƙafarka na kan birki, sai ta ƙi kulle kwanbata.

Tsofaffin motoci irin Camry Pencil ta 1997 zuwa 2001 mai silinda huɗu suna da wata igiyar ƙarfe daga totur zuwa giya, ita ke daidaita matsin mai. Bayan sauke inji akan mayar da ita a sake ko a ɗame. Sakakkiya na kawo sulɓewa, ɗamammiya na kawo bugu. Gyaran na minti goma ne.

Na'urar gwaji kafin sifana

Duk motar da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, tana da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar karanta laifi. Yanzu akwai ƙananan da ke haɗuwa da waya, ko da yake mafi arha ba sa shiga ɓangaren giya a wasu motocin. Lambar P0700 cewa kawai take yi akwai magana a ɓangaren giya, sai an shiga an ji sauran. P0715 da P0720 sensocin gudu ne na shiga da na fita. P0500 sensan gudun mota. P0750 da 'yan uwanta solenoyid. P0741 kwanbata ce ba ta kullewa yadda ya kamata. P0730 na nufin lissafin giya bai fita daidai ba, wanda ko faiba ce ke sulɓewa, ko an ɗora giyar da ba ta motar ba.

Lamba ba hukunci ba ce. Ta ce solenoyid, amma laifin na iya zama a wayar da ɓera ya ci ko soket da mai ya jiƙa. Kuma goge lambar ba gyara ba ne, a rubuta ta tukuna. Bakaniken da ya iya aikinsa zai zauna a gefe da na'urar ana tuƙi, yana kallon wace giya ƙwaƙwalwa ta umarta da wadda ta shiga, da zafin mai. In ƙwaƙwalwa ba ta ba da umarnin ba, laifin na waje. In ta bayar giya ta ƙi, sai a jona agogon matsi a auna, a sauke farantin ƙasa a duba. Baƙin gari mai laushi kaɗan a kan maganaɗisu ba komai ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko guntayen faiba, nan ne ake fara maganar kwance giya.

Idan mota ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi gaba ta ƙi baya, yawanci ƙwaƙwalwa ce ta kulle ta da gangan don ta kai ka gida. Peugeot mai AL4 a ta uku take tsayawa, kuma sau da yawa solenoyid ɗin matsi ne suka gaji. Marsandi mai giya biyar ta 722.6 a ta biyu take tsayawa, kuma an san ta da yoyon mai a soket, har man ya bi waya ya kai ƙwaƙwalwa. Duka biyun ana gyara su giya na jikin mota. Amma akwai wadda raunin daga gida ne: a 2004 kamfanin Honda ya janye motoci sama da miliyan ɗaya a Amurka, ciki har da Accord V6, saboda giya ta biyu na yin zafi. Mai irin wannan motar ya yi tunani sau biyu kafin ya ƙara mata ƙarfi.

Idan ta tabbata sai an ja motar zuwa Gumel ko Kano, kada a ɗaure ta da igiya tayoyin gaba na ƙasa a kama hanyar Gujungu. Famfon man giya inji ne ke juya shi. Inji a kashe, kayan ciki na juyawa babu mai. A ɗaga gaban ko a ɗora ta a mota.

In kuma bincike ya nuna giyar ta ƙone da gaske, mai saye ya tafi kasuwa da lambar da ke jikin tsohuwar da hoton soket ɗinta, ya nemi a rubuta masa kwanakin garanti a rasit, kuma kwanakin su fara daga ranar da aka ɗora. Kafin a ɗora, a wanke tiyo da bututun lagireto har sai mai tsafta ya fito, ko a sauya su, domin garin tsohuwar faiba na nan maƙale a ciki yana jiran sabuwar. A cika kwanbata da mai, a tabbatar ta zauna har ƙarshe kafin a ɗaure ƙusoshi. A zuba man da kamfani ya rubuta, a sa na'ura a goge abin da ƙwaƙwalwa ta haddace na tsohuwar giya, sannan a yi tafiyar farko a hankali, ba lodi, har ta bi matakanta duka sau da dama.